Kihin Ikko a Ɗakin Baba

Shekarar da ɓarin jikin Baba yam mutu, ya bar zuwa kamun kihi, ya kuma bar cin abinci. Mutumin da gari bai waye mashi sai cikin kwalekwale bisa dam ɗin Goronyo, sai ga shi kwance shina ƙirgar azara. In Inna ta kawo hura shi juya ma bango.

Yayana shina Ikko, aikinai wanke ma wani attajiri akwatin gilashi da kihi ka yawo ciki. Da yaj ji labari sai ga shi da ƙaramin irinai, da injin hura iska, da buhun wani gishiri, da kihi 'yan mitsi-mitsi cikin leda, wani ruwan ɗorawa, wani shuɗi kamar an rina shi. Wai na teku na, ba su rayuwa sai cikin ruwan gishiri.

Nic ce, "Yaya, saura albasa da tattasai ke nan, miya ta haɗu."

"Kai dai jaki na. Riƙe man tiyo."

Baba ya daɗe shina kallonsu. Da bakinai da yak karkace yac ce, "Wanga ba kihi ba na, ado na." Amma yac ce a tada shi zamne.

Kahin Yaya shi koma ya yi man wa'azi: abinci ɗan abin da bakin yatsa ka ɗauka, kuma kar rana ta taɓa akwatin. Ya manta gidan da yat tashi. Gidanmu ba a cin abinci baƙo na kallo, su kau Baba yac ce baƙi na, daga nesa sunka zo. In ya kai loma guda bakinai sai shi marmasa masu guda. Tuwo, hura, ƙosai, dut sun ci. Na buɗe baki zan yi magana, Inna ta zare man ido, don rabon da ta ga kwano nai ya ragu an daɗe. Sannan Baba yas sa munka jawo akwatin bakin ƙohwa don shi ga launinsu da kyau.

Wani abu ya hwara tsirowa bisa yashin ƙasan akwatin, ja-ja kamar jinin da yak kwana. Yah hau duwatsu, yah hau gilashi, ga yauƙi kamar miyar kuɓewa, ga warin kwata. In kankare da sahe, kahin la'asar ya dawo da 'yan'uwanai.

Na kira Yaya na haska mashi da waya.

"Mi kuka ba su?"

"Abin da muka ci mana. Jiya har da ɗanwake."

Bai yi dariya ba. Yac ce gansakuka ta, abinci da haske ka ciyar da ita. A tsai da abinci, a zuƙe ta da tiyo, a ruhe akwatin ruf har wasu kwanaki.

Munka lulluɓe shi da zanen Inna. Baba yad dube shi yac ce, "Wa yar rasu?" Daga ranar ko ruwan kunu bai karɓa ba. Inna ta kasa daurewa, ta yaye zanen da kanta tun lokaci bai yi ba, ta aje mashi kwano kusa. Gansakuka tad dawo hiye da da. Kullum sai na tsamo matacce guda da ludayi, har saura shuɗin, shina haki bisa ruwa.

Baba yac ce, "Kai shi dam ka saki. Kihi in ya ga babban ruwa shina warkewa."

Na san ruwan dam ba nashi ba na, amma ban iya musu da shi ba. Na zuba shi leda na hau mashin. Ban ko kai bakin ruwa ba ya juya ciki sama.

Da na dawo Baba yac ce, "Ya tahi?"

"Ya tahi, Baba. Ko sallama bai yi man ba, ɗan Ikko."

"Ta ina kas sake shi?"

Na hwaɗi mashigin da yaz zo man baki.

"Nan akwai manyan tarwada," in ji shi. "Kwantar da ni."

Bai sake cewa a tada shi zamne ba.