Sandar da Na Ɓoye wa Yaya Sale

Shekara shida ke nan da muka kai Yaya Sale makwancinsa a Sule Tankarkar. Mutane suna cewa ciwon baya ne ya kwantar da shi. Ni ƙaninsa da na yi jinyarsa ina da shakka, kuma a kaina shakkar take ƙarewa.

Ya daɗe yana dakon buhunan gero da riɗi a kasuwar Maigatari kafin bayansa ya gaza. Da muka je Kano za a yi masa aiki, likita ya zaunar da shi yana tambaya: yana samun barci? Me ke damun ransa? Yana ganin zai warke? Ban yi nisa a boko ba, sai na ɗauka wayo ne, mutumin yana neman inda zai ɗora laifi idan aiki ya ɓaci. Na ce, "Likita, baya muka kawo, ba kai ba." Yaya ya buɗe baki, ya dube ni, ya rufe. Har yau ban san abin da ya so faɗa ba.

Aka ce aiki ya yi kyau, aka umarce shi ya riƙa takawa kaɗan-kaɗan da sanda. Muna dawowa 'yan dubiya suka cika zaure, kowa da labarin wani da aka yi wa aikin baya bai ƙara tashi ba. Ban hana kowa ba, na ma ƙara nawa. Ranar da na tarar da shi bakin ƙofa yana dogarawa, na ce, "Yaya, so kake ɗinkin ya warware?"

"Auta, likita fa ya ce in taka."

"Likita yana Kano. In ka faɗi, mu ne za mu ɗauke ka."

Na karɓe sandar na jefa a rumbu.

Daga nan ko tari zai yi sai ya dafe ƙugu. Muka koma asibiti, hoto ya nuna babu abin da ya goce. Likita ya ce tsoro da kwanciya suna ƙara ciwon. Na ce a raina, ga shi, dama na faɗa. Shekara uku yana kan tabarma kafin zazzaɓi ya zama ajalinsa.

Bara na ga Malam Idi na Gagarawa a kasuwar Gumel yana jan rago. Irin wannan aikin aka yi masa, amma matarsa ta hana 'yan dubiya ba da labari, kullum sai ta raka shi ya taka har bakin masallaci. Ban ce dole Yaya ya zama haka ba. Ciwo ba iri ɗaya ba ne, kwana kuma na Allah ne. Amma da Yaya ya gan shi, wa zai waiwayo ya kalla in ba ni ba?

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, tun da ya kwanta ni ake tambaya a gidan, ni ke yanke maganar gona, kuma na ji daɗin hakan. Tausayi ne ya sa na karɓe sandar, ko wannan? Ban sani ba.

Shi kuwa har ya rasu yana gaya wa baƙi, "Auta ne ke kula da ni."

Da kakar bana na share tsohon rumbun, na ci karo da sandar. Gindinta ko alamar cin ƙasa babu. Allah ya jiƙan Yaya, ni kuma ya yafe mini.