Shekarar da Aka Rage Kasafin Kuɗi

Ko ƙasa ta kusa rufe mini ido, ba na jin zan manta da ranar da na sallami matar da ta fi kowa riƙe mini sana'a.

A lokacin ina da rumfar abinci a bayan wata ma'aikatar gwamnati a Yamai. Shinkafa da miya nake yi, sai dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, wanda wata dattijuwa Bazabarma take haɗa mini. Mijinta ya rasu, jikoki take riƙo. Yaya nake ce mata, ita kuma ta ce mini ƙanwata.

Shekarar da iyakoki suka rufe, wata rana bayan azahar rediyon mai shayin kusa da mu ta ce gwamnati ta rage kasafin kuɗinta. Nan take gardama ta kaure. Tela ya ce abin na manya ne, mai shayi ya ce gara a tsuke a tsira da mutunci. Mai fotokofi kuwa ya juyo gare ni ya ce, "Hajiya, mu da ke cin arzikin ma'aikatan biro, mu za mu fara ji." Na yi dariya na ci gaba da zuba miya. Wallahi a lokacin ban san kasafi yana da hanya zuwa murhuna ba.

Tarurrukan da nake kai wa abinci suka fara tsayawa. Sai ma'aikata suka koma zuwa da kular abinci daga gida. Wani babban ma'aikaci da ba ya cin abinci sai da nama ya sunkuyo wata rana ya ce a hankali, "Zuba mini haka nan, ban da nama." Na kasa kallon idonsa. Buhun shinkafa na hawa, tukunya na komawa gida da saura.

Da na ga ba zan iya riƙe kowa ba, na ƙudura gaya wa Yaya. Ranar muka gama wanke-wanke, na zauna kusa da ita ina neman ta inda zan fara. Ta share hannunta da zane ta dube ni.

"Ƙanwata, kar ki wahalar da kanki. Ni nake kankare tukunyar nan, na san abin da ke saura."

Na fashe da kuka. Ita ta riƙa ba ni haƙuri, kamar ni aka sallama. Abu ɗaya ta roƙa, tsohon madambacin da take aiki da shi. Ta ɗora shi a ka, ta ƙi karɓar kuɗin taksi, ta kama hanya a ƙasa. Na tsaya ina kallon bayanta har ta sha kwana.

Sallamar ba ta cece ni ba. Kafin damina ta fita ni ma na rufe rumfar, na koma gida na zauna, ban san inda zan dafa ba. Ina cikin wannan hali wata safiya aka yi sallama. Yaya ce, ta rame amma idonta a tsaye. Ta ce tana sayar wa magina dambu a unguwar Bobiel, inda ake ta gine-gine.

"Suna tambayar shinkafa, ni kuwa ban iya taki ba. Akwai inuwa kusa da ni. Ɗauko tukunyarki."

Na ce, "Yaya, ni da na sallame ki?"

Ta ce, "Ba ke ba ce. Tashi, rana na yi."

Har yau a can muke, ribar ba yawa, amma ba mu kwana da yunwa. Abin da na koya shi ne, idan aka tsuke a sama, na ƙasa ke fara shaƙewa, kuma a irin wannan rana ba mai ɗaga ƙaramin ɗan kasuwa sai ɗan'uwansa da suka sha rana tare.