Baba Kalibu, Mai Zana Sama a Rigar Mamaci

Baba Kalibu bai iya zama ba. Gari na wayewa ya gangara gulbi daga Tibiri, ya ɗebo jar ƙasa da fara, ya dawo ya daka gawayi, ya kwaɓa da ƙaro, yana yi yana faɗa da kansa. Ba a takarda yake zane ba. Idan an raba kayan mamaci, sai dangi su kawo masa riga guda, ya ɗame ta jikin katako, ya zana mata sama: taurari irin su Zara da Kaza da 'ya'yanta, wani lokaci macijin ruwan da kakanni ke ba da labari. Fuska kam bai taɓa zanawa ba.

A majami'arsu an ce aikin ya yi kama da bori. A Sabon Gari wasu sun ce ɓata tufa ne. Duk da haka ɓangarorin biyu na sallama a ƙofarsa.

Bana yanar ido ta fara rufe masa gani. Ana cikin haka Tsahara ta zo daga Jiratawa da rigar mijinta Ya'u, wanda ambaliya ta tafi da shi, ba gawa ba kabari. Ta ce ba ta san inda za ta sa shi a ranta ba. Baba ya karɓa, ya yi ta lalube, ya zana ya goge, ko tuwo sai a tsaye.

Ranar da ta dawo aka ɗaga rigar, wuya sama. Ashe a kife ya ɗame ta: gulbin da ya zana ya hau bisa, taurari duk sun koma ƙarƙashin ruwa. Da aka faɗa masa, ya ce a miƙo ruwa ya wanke. Tsahara ta riƙe gefen rigar.

"Bar ta haka, Baba. Ashe ba cikin duhu yake kwance ba."

Kai ne tsohon da ya ƙi hutawa, Baba Kalibu. Kai ne ka ba wannan baiwar Allah wurin ajiye mamacinta. Mun gode, Allah ya saka.

Mu kuma samarin Maraɗi da ke zaga gari bisa kabu-kabu muna cewa ba abin yi, Tibiri ba nisa, mu je mu koya. Hannunsa na aiki har yanzu. Idon ne ba ya jiran kowa.