Baturiya Mai Ƙuli da Garin Zinariya

Duk wanda ya ci kasuwar Gangara ya san Baturiya mai ƙuli. Fara ce tas, bakinta kuwa ba linzami. Da kaskon suya ta yi wa ɗanta Safiyanu lakol, karatun boko, tun daga nan har Maradi, har jirgi ya kwashe shi ƙasar waje. Ɗiyarta Hafsa ce ta rage tana taya ta matsar mai.

In Safiyanu ya kira, sai ta buɗe maganar don maƙwabta su ji.

"Wai mi kake yi can, ɗan banza?"

"Inna, garin zinariya muke haɗawa, wanda ido ba ya gani. A sa ma mai ciwon daji a jini, ya je ya taru cikin ciwon. Sai a haska wata fitila, garin ya ɗau zafi ya ƙone dajin, naman lafiya bai ji komi ba."

"To mi ya hana?"

"Siffa muke nema wadda ta fi ɗaukar zafi. Wani kamar sanda, wani kamar zobe."

"Ashe ƙuli kake yi. Da ka zauna gida."

Ya yi dariya, ya ce a kan kusu, ɓera dai, suke gwadawa tukuna, amma an kusa.

Abin da bai sani ba, lokacin akwai ƙullutu a nononta na hagu. Likitan Maradi ya ce a yanke tun da wuri. Ita kuwa ta tashi da abin da kowa ya tashi da shi nan: daji ba ya son ƙarfe, wuƙa na taɓa shi ya bazu. Ta ɗaura zanenta ta dawo gida. Ga ɗanta na haɗa maganin da ba yanka, ta miƙa wa baƙo nono?

Hafsa ta ce, "Inna, shi ma fa da allura ake sa shi."

"Allurar ɗana daban ce. Kuma kika faɗa mishi, ban yafe ba. Hankalinshi ya rabu, aikin ya lalace."

Haka aka ci damina, aka cire gyaɗa. Hannu ya kumbura, ta daina suya. Ciwon ya fashe, tana zuba turare kamar mai zuwa biki. Kira duk kira tambayarta ɗaya ce: "Yaya kusun naka?" Shi kuma sakaran ya ce ya warke, ya ɗauka wasa take.

Safiyanu bai samu jana'iza ba. Ya tarar da kasko kife a bayan ɗaki. Hafsa ta faɗa mishi komi.

"An kusa ɗin nan," ya ce, "shekaru nake nufi, Hafsa. Ko mutum ɗaya ba mu taɓa sa ma ba."

"To ai ba haka ka ce ba, Yaya."

Ta kwance bakin zane ta zuba mishi 'yan kunnen Inna a hannu, na zinariya, na aurenta.

"Tun bara ta cire su. Ta ce in lokacin yi mata magani ya zo ka niƙa waɗannan, kada ka taɓa na mutanen lakol."