Kwalin Kaset Ɗin Baba

Akwai wata la'asar da ko tsufa ya taɓa mini hankali ba na jin za ta fita daga raina. Ita ce la'asar da na hau wani tsohon kwali na zauna, a saman benen gidanmu na unguwar Aƙiƙ a Madina, na ce wa babban yayana sai dai ya fasa ni tare da abin da ke ciki. Kwana huɗu ke nan da rasuwar mahaifinmu, kuma ni ce auta, wadda ba a taɓa jin ta ɗaga wa kowa murya ba.

Baba ya yi shekaru yana lodin jakunkunan alhazai a filin jirgin Madina. Mutum ne mai salla da azumi, amma yana da abu guda da ya ɗaure wa dangi kai. Tun muna ƙanana ya sayo tsohuwar bidiyo a kasuwar gwanjo, mai ita ya haɗa masa da kwalin kaset don ya rabu da su. Ashe tsofaffin finafinan Meziko ne marasa kala, na 'yan kokawa masu rufe fuska. Za ka ga ƙaton mutum babu riga, ya yafa alkyabba, fuskarsa a rufe ruf an ɗaure ta da igiya ta ƙeya. Da ita yake kokawa, da ita yake tuƙa mota, da ita yake shan shayi. Abokan gabarsa kuwa masu shan jini ne, masu kwana a akwatin gawa, su tashi da fiƙa a waje, in an matsa musu su rikiɗe su koma jemagu.

Baba ba ya jin ko kalma ɗaya ta yarensu, amma hakan bai taɓa damunsa ba. Yakan rage sauti ya shiga ba mu labarin da Hausa yadda ya ga dama. Masu shan jinin nan mayu ne a wurinsa, ɗan kokawa kuma ɗan dambe ne da ya ƙi aikin gona. Yana da doka ɗaya: wanda ya yi tambaya da Larabci ba shi da amsa. Mu da aka haifa a Madina, a yi mana Hausa mu mayar da Larabci, dole muka riƙa lalubo kalmomi don mu ji ko mayyar za ta kama yarinyar. Rabin Hausar da nake rubutawa yau a gaban talabijin ɗin nan na same ta.

Da bayansa ya hana shi aiki ya zauna a gida, sai ya gano bidiyon tana da gurbin makirfo, ana iya ɗora murya a kan ta fim. Shi ke nan ya samu sana'a. Kullum bayan azahar yana bin kaset ɗin ɗaya bayan ɗaya, ni ke riƙe masa makirfo saboda hannunsa yana rawa. Yaya bai san da wannan ba. Ya daɗe da komawa Badr yana kula da gonar dabino, in ya zo gaida iyayenmu kuma Baba yakan rufe kayan da darduma.

Da aka tashi daga zaman makoki, Yaya ya shiga fitar da kayan mamaci. Riguna da takalma aka ware na sadaka. Ina kicin ina wanke kofunan gahawa sai na ji bugu daga sama, ƙwas, ƙwas. Na hau da kumfa a hannu, na tarar da shi a tsugune da guduma, baƙin zaren kaset ya warwatsu a ƙasa iska tana ja.

Ban san lokacin da na tsallake shi na zauna a kan kwalin ba.

"Gumi! Tashi na ce," in ji shi. Da Larabci yake mini magana kamar kullum, "gumi" kuwa tashi ke nan a Larabcin Madina.

Na ce, "Ba zan tashi ba, Yaya."

"Ke kin san abin da ke ciki? Mata babu sutura, ga gicciye, ga matattu suna tashi. Duk wanda ya kalla, zunubin a kansa zai sauka a kabari. Haka kike so wa Baba?"

Yanzu da na girma na san tsoro ne da ƙauna suka sa shi, idonsa ma ja wur yake. Amma a ranar ban ga wannan ba. Abin da na gani shi ne mutumin da yake zuwa sau ɗaya a wata ya zo yana yanke hukunci a kan abin da ya raya Baba shekara biyu. Raina ya ɓaci iyakar ɓaci. Na ce masa, "Kai ka san abin da ke ciki? Ka taɓa tambaya? Ka kalli ɗaya. In ka gama ka ce a fasa, ni zan riƙe maka gudumar."

"Magana ta ƙare, ba na kallon haram."

"To, sai ka ɗaga ni."

Ya san ba zai taɓa ni ba, ni ma na sani. Rana tana dukan mu, amma na riƙe gefen kwalin da hannu biyu. Muna nan sai ga Inna ta hawo a hankali, ita da take takaba ko tsakar gida ba ta cika fitowa ba. Ba ta tambayi kowa ba'asi ba. Ta dubi zaren da ke ƙasa, ta dubi Yaya, ta ce, "Ka sauka ka ji. Ba sai ka duba ba."

A falo ya tsaya bakin ƙofa ya juya wa talabijin baya. Na sa kaset ɗin da hannuna ya faɗa kai. Hoto ya yi rawa, aka nuno murfin akwatin gawa yana buɗewa. Sai muryar Baba ta cika ɗakin, da ɗan tarin nan nasa: "To, ga mayyar nan ta farka, ba salla ba salati, ko baki ba ta wanke ba. Daidai nan babban yayanku yake shigewa bayan kujera ya ce wai ƙishi yake ji. Yanzu ya yi gemu, kada ku gaya masa na faɗa." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ana jin muryata ina cewa, "Baba, ci gaba mana."

Yaya bai juyo ba. Na ga kafaɗunsa sun sauka, ya dafa ƙyauren. Can ya yi magana, da Hausa, wadda rabon da in ji ta a bakinsa tun yana makaranta.

"Duka haka suke?"

Na ce, "Duka."

"Guda nawa na fasa?"

"Uku."

Ya koma sama shi kaɗai. Na bi shi daga baya na leƙa, na gan shi a durƙushe yana tattara zaren nan cikin gaban rigarsa, yana bin wanda iska ta kai bakin katanga. Mun kai wa mai gyara, ya ce babu abin da za a iya. Cikin ukun akwai wanda Baba ya yi na ƙarshe, kuma ni kaɗai na san abin da ya faɗa a ciki.

Har yau Yaya bai sauya ra'ayi a kan finafinan ba, ni ma ban sauya ba. Ya sa aka kwafe masa muryar Baba kawai, ita yake sa wa 'ya'yansa a mota a hanyar Badr. Ni kuwa da hoto nake kallo, da mayu da jemagu da komai, kuma ban nemi iznin kowa ba.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, kafin ka ɗaga guduma a kan abin da mamaci ya bari, ka tambayi wanda ya zauna da shi. In kuma kai ne ka san abin da ke cikin kwalin, kada ka tashi, ko da wanda ya ce ka tashi ya girme ka. Da na tsaya ɗauraye hannu kafin in hau benen nan, da ba uku muka rasa ba.