Buhunan Da Ba Na Kowa Ba

Har yau in aka tuna kamfanin sayen riɗin nan na Gumel da ya rurrufe rassansa, sai a ce sata ce ta cinye shi. Wasu kuma su ce manajan da aka kawo daga Filato ne bai san ƙasar ba. Duk ba haka ba ne. Buhu ne ya kashe mu, buhun da babu komai a cikinsa.

Ni ke kan sikeli a reshen Gagarawa, ban daɗe da gama sakandare ba. A da, motar da za ta kwashi kaya ita ke zuwa mana da buhuna, mu raba wa manoma tun riɗi yana jingine a gona yana bushewa. A wajenmu, wanda ka zuba riɗinka a buhunsa shi za ka sayar wa. Ba doka ba ce, kunya ce kawai.

Sai aka ce za a gyara tsarin aiki. Aka tara mu a Gumel, aka ba mu lemo, aka raba kamfani uku: masu saye, masu sito, masu mota, kowa da shugabansa. Aka ƙara da cewa duk reshen da bai cika mota ba a kakar bana, rufe shi za a yi. Ba wanda ya ce ga mai kai buhu.

Kaka ta yi, shiru. Na hau mota na tafi Gumel, na sami dattijon da ke riƙe da sito.

"Baba, buhuna na zo ɗauka."

"Ga su can har rufi, 'yata. Amma ni yanzu karɓa ce tawa, fitarwa ta masu mota ce."

Direba yana kishingiɗe a gindin darbejiya. Yana hango ni ya fara dariya.

"Malama sarkin sauri! Ni cewa aka yi in fita wayam in dawo da kaya."

"Buhu ne fa, ba raƙumi ba!"

"Ko allura ce. In aka kore ni, ke za ki ciyar da gidana?"

Manajan ya saurare ni har ƙarshe, yana murza goshi. Ya ce gaskiyata ce, amma sito ba a hannunsa yake ba yanzu, sai ya tambayi babban ofishinmu na Kano. Shi ma daga gani ya gaji.

Kafin Kano ta amsa, 'yan kasuwar Maigatari sun bi ƙauyuka da amalanke cike da buhuna. Riɗi ba ya jira, in ya bushe zubewa yake yi. Kawuna ma a nasu ya zuba. Da muka haɗu a hanya sai ya yi ta tambayata lafiyar mutan gida, idonsa a ƙasa.

Buhunanmu sun iso daga baya, an ɗaure su tsaf. Na zauna a kansu ina kallon sikeli yana shan ƙura. Wata bai cika ba aka turo a karɓi mabuɗin reshenmu.

An ce in je Sule Tankarkar in jira, wai za a sake wani tsarin. Na ce na gode. Na gaji da shan lemo a taro. Na yanke shawara ranar kasuwa zan tafi Maigatari, in tambayi masu amalanken nan ko suna neman wadda ta iya sikeli.