Ranar da Inna Ta Kasa Gane Muryar Baba

Ko zan manta komai a duniya, ban jin zan manta ranar da na sa mahaifiyata kuka da hannuna, alhali farin ciki na yi niyyar kai mata. Shekaru sun wuce, amma har yau in na tuna sai raina ya sake ɓaci.

Bayan rasuwar Baba, yayana ya tsinci wani tsohon kaset a cikin littattafansa. Baba ne a ciki yana karatun Alƙur'ani, ya rufe da addu'a, da siririyar muryar nan tasa mai sanyi. Aka juye mana a memori. Inna tana Indabo, kunnenta ya yi nauyi, ko an kara mata waya ba ta jin komai sai ƙus-ƙus. Sai na ce wa maigidana mu je da mota, mu zaunar da ita a ciki, ta ji mijinta sosai.

Matsalar ita ce sifikun bayan motar sun daɗe suna wani kar-kar kamar ana kaɗa gwangwani. Maigidan ya kai wa wani mai haɗa rediyon mota kusa da tasha a nan Wudil. Mutumin ko buɗewa bai yi ba ya ce sun mutu. Ya cire su, ya dasa wasu, ya ƙara da wani ƙaton akwati da ya cinye rabin but ɗin motar. Ya gwada da kiɗa, ƙasa ta ɗauka, maigidan ya dawo yana murmushi. Ni kuma ban ce a gwada da karatun ba. Wannan sakacin nawa ne.

Ranar Asabar muka isa Indabo. Na riƙo hannun Inna na zaunar da ita a baya, aka kunna. Abin da ya fito ba Baba ba ne. Wani gurnani ne kamar mutum yana magana daga cikin rijiya, gilasai suna rawa, kujera tana girgiza, ba ka bambance harafi ɗaya da wani. Inna ta dafe ƙirji.

"Ku kashe," ta ce. "Wannan ba Malam ba ne. Shekara arba'in Malam bai taɓa yi min tsawa ba."

Ta fita tana share ido da gefen zane. Ko abincin da na kai mata ba ta taɓa ba.

Ni ba mai shiga harkar maza ba ce, amma washegari na ce ƙafata ƙafar maigidan. Muka tarar da mutumin yana taunar rake.

"Malam, me ka sa mana a mota?"

"Hajiya, abin da ake yayi ke nan. Samari layi suke yi a kansa."

"Ka ga na yi maka kama da samari? Ka tambaye mu abin da za mu saurara?"

Ya yi dariya ya ce sauti ai sauti ne. Nan na ji wuta ta taso min. Na ce ya fito da tsofaffin sifikunmu. Da ƙyar ya jawo su daga ƙarƙashin benci, har ya goge su ya ɗaure da leda, alamar sun kusa samun sabon mai su. Matattun ke nan!

Na ɗauki ɗaya na kifa a tafin hannuna. Sai ga ƙwayoyin gero suna zubowa. Nan take na tuna: lokacin girbi Inna ta ba ni gero a ƙwarya, na ɗora a bayan kujera, muka faɗa rami ya zube. Na share na sama, ban san ya bi ta ramukan ragar da ke rufe sifikun ya kwanta a kan takardar sifika ba. Duk lokacin da takardar ta motsa sai geron ya yi ta tsalle. Ciwon ke nan gaba ɗaya, abin da hura iska kawai zai raba.

Wani dattijo mai gyaran wayoyin mota a shagon gefe ya taso, ya duba aikin yana girgiza kai. Ya ce, "'Yata, wannan akwatin na ganga ne. Muryar mutum a ƙananan sifiku da matsakaita take fita, shi kuwa ya danne su." Ya nuna mana an juya wayar sifika ɗaya, tana turawa ɗayar tana ja, sautin yana cin kansa. Notuna biyu ma ba a ɗaure ba, shi ya sa ƙarfe ke rawa. Ya mayar da namu, ya ɗaure tam, ya rage bugun. Mai raken ko haƙuri bai ba mu ba. Wai mu ne ba mu waye ba.

Sai da na yi sati biyu ina lallashin Inna kafin ta yarda ta sake shiga motar. Aka kunna a hankali. Baba ya yi bismilla, har ɗan numfashin da yake ja kafin aya ana ji. Inna ta jawo mayafinta ta rufe kanta, yadda take yi in ya yi sallama a ƙofar ɗaki. Da ya kai addu'a ta ɗaga hannu tana amsa amin.

Na yafe wa mutumin don Allah ya ce a yafe, amma hanyar shagonsa ma ba na so a bi da ni. Abin da na koya shi ne ƙara daban, murya daban. Kuma duk mai sana'ar da zai yanke wa abu hukuncin mutuwa bai buɗe ya duba ba, bai kuma tambaye ka me kake son ji ba, ɗauke kayanka ka yi gaba.